Man Gyaɗa a Idon Madubi

Ke Maryam, ɗauke yatsanki daga kan maɓallin nan tukuna. Kai ma mai sabuwar farar riga, bar murmushi, da kai nake. Tun da aka turo ku koyon aiki nake jin kuna cewa wai gwajin jini yanzu ya zama wasan yara: a ɗiga, a danna, kwamfuta ta faɗi ciwo, a tashi a tafi cin waina. Madalla da ku! To ku jawo benci. Hadarin nan da ya haɗo ta gabas ba zai bar mara lafiya ya iso yanzu ba, ni kuma in ana shirin ruwa bakina ba ya rufuwa.

A Ƙanƙara na fara, a hannun Malam Tanko. Mutumin wani ƙauye ne can bayan Mabai, kakanninsa Maguzawa, shi kuma Kirista. Ran Lahadi in riƙe masa ɗakin gwaji ya tafi coci, ran Juma'a ya kore ni masallaci tun kafin a kira salla. Madubin likitan da muke da shi baƙin ƙarfe ne mai nauyi, babu ruwansa da lantarki. Wani ɗan madubi ne a gindinsa, kana juya shi a hankali har ka kamo rana daga taga ka turo ta sama ta ratsa gilashin jinin. In girgije ya gitta, sai ku zauna ku jira ya wuce, kai da mara lafiyar duka. Kafin a duba kuwa sai an shanya jinin, an tsoma shi a rini, an ɗauraye, an sake shanyawa. Sannan mai. Wannan ku riƙe shi da kyau: tsohon madubi ba ya nuna ƙananan abubuwa sai an ɗiga mai tsakanin idonsa da gilashin. Akwai mansa na musamman a 'yar kwalba, amma yaushe rabon a kawo? In ya ƙare, sai Malam Tanko ya zo da man gyaɗa wanda matarsa ta matse, ya tace shi a ƙyalle, ya ɗiga da tsinken ashana, in ya gama ya goge idon tas. Ɗakinmu kullum ƙamshin ƙuli-ƙuli yake.

Ya daɗe yana sa ni wankin gilashi kafin ya bari na sa ido. Ranar da ya bari, jinin wani manomi ne mai zazzaɓi. Na sunkuya na runtse ido ɗaya, ya ce, "Buɗe duka biyun, Lawal, ba harbi za ka yi ba." Da farko ban ga komai ba sai dishi-dishi. Ina murɗawa, ina murɗawa, sai ga su sun taso daga ƙasa a hankali, ƙwayoyin jini, jajaye-jajaye, sun bazu kamar wake a tabarma, shiru, babu mai taɓa wani. Wallahi na manta inda nake. Mutumin yana zaune a benci yana tari, ni kuwa ina yawo a cikinsa, a wata ƙasa da shi kansa bai taɓa takawa ba. Sai da Malam Tanko ya ja kunnena na dawo.

Daga nan aka mai da ni Faskari, can na yi mafi yawan shekaruna, can kuma na san mutane. Wani dattijo daga Mairuwa na ce ya kawo fitsari ɗan kaɗan, ya dawo da galan, ya ce kada a ce ya yi rowa. Wata Bafulatana bayan na gama dubawa ta tsaya kai da fata sai na mayar mata da jininta. Na ba ta gilashin, ta ƙulle a bakin zane ta tafi. Akwai masu cewa ɗigo ɗaya ai ba zai nuna komai ba, likitan nan ƙyuya gare shi. Akwai masu roƙon su leƙa, ni kuwa ba na hanawa. Wani maharbi ya leƙa ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago ya ce, "Ashe haka nake da yawa."

Ina dab da ajiye aiki aka kawo ni Sabuwa. Na ce shi ke nan, in lallaɓa in ƙarasa. Sai ga Dakta Hindatu daga jami'a da wani akwati da kwamfutar hannu. Ba likitar allura ba ce, haske ta karanta, abin da ban san ana zuwa makaranta dominsa ba. Na'urar nan da kuke dannawa ƙanwar waccan ce. Ba ta son rini, ba ta son shanya, batirin sola ya ishe ta. Na duba sama da ƙasa na ce, "Ɗiyata, ina ake ɗiga man?"

Ta zaro ido. "Baba Lawal, don girman Allah! Wannan ko ƙamshin mai ba ya so. Idonsa busasshe ne."

Ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya, ni da furfurata, kuma na zauna, don yarinyar ta san abinta. Ga yadda ta faɗa mini. A cikin akwatin akwai jan haske siriri, ana raba shi biyu. Ɗaya ya ratsa ta cikin jinin, ɗaya ya zagaya ta fili, su haɗu a gaban kyamara. Kamar ka aiki mutum biyu gari ɗaya, wannan ya bi tudu, wancan ya ratsa rafi. Lattin da na biyun ya yi shi zai gaya maka yawan ruwan. Daga wannan latti kwamfuta ke gane kaurin kowace ƙwayar jini. Hoton da take fitarwa kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Ba wake a tabarma ba ne kuma. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai launin shuɗi, da tuddai a tsaitsaye, kowanne da ɗan kwari a tsakiyarsa, gefensu ruwan ɗorawa, kana iya juya su ka kalle su ta gefe. Na shekara da shekaru ina kallon garin nan daga sama, sai ranar na sauka na tsaya a cikinsa.

Amma ga inda gizo yake, ku buɗe kunne. Ba jini kaɗai ke sa haske latti ba. Idon madubin shi ma gilashi ne, ya fi kauri a wani wuri, in kuma ya ɗan karkace ko da bakin gashi ne, zai jinkirta hasken. Kwamfuta ba ta san wa ya jinkirta shi ba, latti kawai take gani. Sai ƙasar da ya kamata ta kwanta ta fito a lanƙwashe kamar cikin kasko, ko ta yi gangara, da zobba-zobba a kanta. Ƙwayar da ta faɗo a kan gangarar sai ta fito a karye, lafiyarta lau amma a ce ta lalace. Maganin abin, in ji Dakta, shi ne hoton wofi. Ka sa gilashi mai tsabta babu komai a kansa, ka ɗauka. Duk lanƙwasar da ta fito a nan ta madubin ce, sai a cire ta daga hoton jini, abin da ya rage shi ne na mutum. Ita da kanta ta ɗauki hoton wofin ta adana, kuma na'urar tana magana da su can jami'a ta hanyar sabis ɗin waya, in ta kauce su gani su kira ni. Ta kuma nace sai na koyi gyarawa da hannu. Na yi ta ƙunƙuni, na ce yaushe zan buƙaci wannan? Ta ce, "Baba, koya dai."

Sai shekarar nan ta zo. Kun san ta, wasunku a gidan dangi a Funtuwa kuka yi ta. Mutanen daji suka matsa, aka rufe kasuwanni, aka hana hawa babur, daga baya aka yanke sabis gaba ɗaya. Gari ya yi tsit. Ka ɗaga waya ka ga babu kowa a cikinta, kamar an ɗauki Sabuwa an ajiye ta a ƙasan rijiya. Rini ya ƙare, 'yan kwalayen gwajin zazzaɓi suka ƙare, janareta ya mutu don babu mai. Duk asibitin babu abin gwaji mai numfashi sai akwatin nan. A cikin haka ne wata rana na ga an jawo wani tsoho da sanda, ashe Malam Tanko ne. Bayan ya bar aiki ya koma wurin 'yarsa da ke aure a wani ƙauye kusa da mu, ƙauyen ya watse. Yanar ido ta rufe masa gani, sai inuwa-inuwa yake gani. Na share masa ɗakin ajiya ya zauna. Da rana yakan lallaɓo ya zauna a gindin taga yana wanke mini gilashi da laluben hannu, kuma har lokacin babu mai wanke shi kamarsa.

Sai na'urar ta fara cewa jinin kowa ya lalace, hoto na fitowa ja maimakon shuɗi. Mai ciki ta zo, ja. Malamin makaranta ya zo, ja. Ni da Malam Bishir, wanda ke riƙe da asibitin, muka ce ai dole, mutane ba sa ci su ƙoshi, ba sa barci, me zai hana jini lalacewa? Haka muke har ranar da Malam Iro ya shigo da 'yarsa Uwani a goye, yarinya ba ta kai sawa a makaranta ba, jikinta zafi zau, ga ƙullin kaya a hannunsa.

Malam Bishir ya ja fatar idonta ya duba, ya murza tafin hannunta. Ya ce, "Ta yi fari, amma ba can ba. Malam Lawal, jinin ne zai raba. In zazzaɓin sauro ne kawai, maganinsa yana cikin kabad, in riƙe ta nan. In kuwa sikila ce ko ƙwayoyin suna fashewa, sai Funtuwa, sai ƙarin jini."

Funtuwa. Ku yanzu kuna jin sunan kamar bayan ɗaki. A lokacin mota ɗaya ce ke fita bayan azahar, in direban ya ji ƙarfin zuciya, kuma hanyar sai ta ratsa inda ake tare mutane. Wasu sun isa, wasu har yau ana jiran su. Malam Iro ya ƙara matse ƙullinsa.

Na soki yatsarta, na ɗiga, na danna, kamar yadda kuke yi. Hoton ya fito ja wur, tuddan duk a karye. Malam Bishir ya sauke numfashi ya ce, "Malam Iro, sai haƙuri, je ka kama wuri a mota."

Ni kuwa yarinyar nake kallo. Tana kwance a kafaɗar uban, amma idonta na bin wani ƙadangare a jikin taga, in ya gyaɗa kai ita ma ta gyaɗa. Na ga yaran da jininsu ya ƙare, ba sa kallon ƙadangare. Na ce a dakata mini. Na soki yatsana na sa. Kai! Na'ura ta ce na fi Uwani kusa da kabari, ni da na tashi da ɗumame cike da kwano. Na zare, na sa gilashin wofi. Maimakon shuɗin fili, sai ga zobba suna fita daga gefe ɗaya, kore cikin ja cikin shuɗi, kamar an jefa dutse a tafki, suna motsi a hankali. Abin gwanin kyau, wallahi, har na ɗan shagala da kallo. Na buɗe murfin na kai fuskata kusa da idon madubin. Sai hancina ya gaya mini. Ƙuli-ƙuli.

Daga gindin taga Malam Tanko ya ce, "Mi ya faru, Lawal? Na ji ka yi shiru."

Na ce, "Malam, wani ya taɓa idon nan?"

Ya yi murmushi, ya laluba aljihu ya fito da 'yar kwalba. Duk gudun da suka yi, ita ya ɗauko. Ya ce, "Na lura kwana da kwanaki ban ji ka sa mashi mai ba. Na ce yaron nan aiki ya yi mashi yawa. Ran Juma'a da ka tafi masallaci na ɗiga mashi, na goge tas yadda muka saba."

Raina ya ɓaci, zuciyata kuma ta karye, duk a lokaci guda. Na buɗe baki, na kalli fararen idanun nan, na ce, "Na gode, Malam."

Na ɗauki auduga da sifirit na goge, na sake gogewa. Zobban suka ragu, amma man ya riga ya kurɗa ta bakin ƙarfen da ke riƙe da idon, inda auduga ba ta kaiwa. Hoton wofin da Dakta ta adana na tsohon ido ne mai tsabta, yanzu ido ya zama wani. Za ku ce to a ɗauki sabon hoton wofi mana. Na ɗauka! Sai dai man ba a tsaye yake ba, zafin kwanon rufi na narka shi yana tafiya. Kafin ka cire gilashin wofi ka sa na jini, lanƙwasar ta sauya. Saura hanya ɗaya, wadda na yi wa ƙunƙuni. Dole wofin da jinin su fito a hoto guda. A tsinka jinin sosai har a sami fili tsakanin ƙwayoyin, ka nuna wa kwamfuta filayen da hannunka, ka ce mata nan ƙasa ce, nan ma ƙasa ce. Ita sai ta auna yadda ƙasar ta lanƙwashe ta danne ta, har da wadda ke ƙarƙashin ƙwayoyin.

Na ce zan sake sukar Uwani. Malam Iro ya janye hannunta. "Likita, an ce jininta ya yi kaɗan, kai kuma kana ta ɗiba?" Na lallashe shi. Da ya ga na ɗebo ruwan gishiri na asibiti na gauraya da ɗigon, sai ya miƙe tsaye. "Ruwa ka sa wa jinin ɗiyata? Ka ga algus a kasuwar nono, ka kawo shi asibiti?"

Na ce, "Malam Iro, in dawa ta yi cunkoso a rami ba ka cire wasu don ka ga ƙasa? Zo zauna nan kusa da ni ka gani da idonka."

Ya zauna. A waje direba ya fara danna ham.

To ku da kuke cewa wasan yara ne, ga inda aikin yake. In ka nuna fili a tsakiya kawai ka bar kusurwoyi, gefen zai zauna a karkace. In kuwa hannunka ya kauce ka taɓa gindin wata ƙwaya ka ce ƙasa ce, kwamfuta za ta yarda da kai, ta aske tudu ta mai da shi fili, ta share ciwon da ke akwai. Ka ga ka hana yarinya hanya, ka kwantar da ita ta mutu a gadonka. Don haka na bi hoton nan a hankali kamar mai tafiya a gonar da aka yi wa shuka, ina neman inda babu kowa. Nan. Can kusurwa. Tsakanin waɗannan biyun. Wani wurin in sa alama in goge, don ban yarda da shi ba. Ham na ta tashi, ni kuwa ƙarar ta yi mini nisa, na shige ƙasar nan gaba ɗaya, babu Sabuwa, babu hanya, sai ni da tuddai. Da na gamsu na yi bisimilla na danna.

Zobban suka fara ja da baya, ɗaya bayan ɗaya, suna ficewa ta gefen hoton. Kaskon ya buɗe, ƙasa ta kwanta shuɗiya. Sai tuddan suka miƙe, zagaye, cikakku, kowanne da ɗan kwarinsa. Babu mai lanƙwasar lauje ko ɗaya. Can da can akwai waɗanda suka kumbura da ɗan ƙulli a ciki, shi ne ƙwarin zazzaɓin sauro, amma ba su da yawa. Ban yarda da idona ba sai da na tsinka nawa jinin na bi da shi ta wannan hanya, ya fito lafiya lau, na sake ɗaukar nata a wani gefen gilashin, ya fito kamar na farko. Malam Bishir ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya sake jan fatar idon yarinyar. Ya ce, "A ba ta gado."

Malam Iro ya kalle ni. "Ba za mu hau ba?"

Na ce, "Je ka sallami direba."

Ya fita, muka ji motar ta tashi. Malam Tanko ya ce, "Ya nuna da kyau ko?" Na ce ya nuna, Malam. Har Allah ya karɓi ransa ban gaya masa ba, kuma ko Dakta Hindatu, da sabis ya dawo ta zo ta canza idon, ta shinshina wanda ta cire ta kalle ni ta kalli tsohon da ke gindin taga, ba ta tona asirin ba.

Da Malam Iro ya dawo ya durƙusa ya kwance ƙullin nan don ya ciro zanen da za a shimfiɗa wa Uwani. Ina tsaye a kansa. Akwai ɗan ƙullin gari, akwai kofi, akwai zanen. A ƙarƙashinsu kuma ga farin yadi sabo, a ninke, ko wanki bai taɓa gani ba. Ya ga na gani. Ya ce, "Inna ce ta sa. Ta ce ba ta san wanda zai zama likkafaninsa a cikinmu ba, amma kada a neme shi a hanya a rasa."

Na koma na hau goge teburin da ba shi da datti.

Da ƙaramar Salla ya kawo ta gaishe ni, a cikin yadin nan. An rina shi shuɗi, tela ya yi mata hannu mai tattara, rigar har tana jan ƙasa. Na ce, "Malam Iro, ai ta yi mata yawa."

Ya ce, "Ni na ce a yi haka. A ciki za ta girma."